Ƙafar da Ba Wanda Ya Duba

Ni ne na yi kuskure, ba Baba ba. Na fara da wannan ne don na san abin da kuka tashi kuna ji a unguwa, wai kakanku Iro yaƙin Jamus ne ya gurgunta shi. Harsashi ya same shi a ƙugu, wannan gaskiya ne, amma da harsashin a jikinsa ya dawo gida da ƙafafunsa, yana ɗingishi kaɗan, yana noma, yana zuwa kasuwa. Wanda ya zaunar da shi ni ne. Shekara da shekaru ina ji ana ɗora wa yaƙi laifina, ina yin shiru, don shirun ya fi mini sauƙi. Yanzu idona ya fara dushewa, kuma ba na so in tafi in bar ku da labarin da ba shi ba ne.

Baba bafatake ne tun asali. Iyayensa daga wajen Kano suka zo suka zauna a Garwa, cikin Hausawan da ke kusa da bakin Binuwai. A shekara guda cuta ta kashe masa jakuna duka, lokacin Jamusawa sun shigo suna neman maza, sai ya shiga soja ya bar ni ina ɗan yaye. Ya yi kurmin kudu, ya yi duwatsun arewa har wajen Mindif. Da aka sallame shi ya dawo, na riga na yi wayo. Ban san shi ba. Mutum dogo, baƙi, marar yawan magana, da tsohuwar rigar kaki naɗe cikin adaka da ba ya barin kowa ya taɓa. Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "kai". Mu biyar ne a gidan: shi, da Inna, da ƙanwata Asabe da aka haifa bayan dawowarsa, da Kaka mahaifiyar Inna, da ni.

Da wata ɗabi'a ya dawo wadda ba mu taɓa ganin irinta a gidan kowa ba. Kullum bayan la'asar sai ya sa a ɗuma ruwa, ya zuba gishiri kaɗan a babbar ƙwarya, ya shimfiɗa buzu a gindin ceɗiyar tsakar gida, ya ajiye allura da ɗan kaskon man kaɗe. Sai kowa ya zo ɗaya bayan ɗaya ya miƙa masa ƙafa. Ya wanke, ya buɗa tsakanin yatsu, ya duba dunduniya. In akwai ƙaya ya cire, in jiga ta shiga ƙarƙashin farce ya tono ta da bakin allura ba tare da ta fashe ba, in faso ya fara ya cika shi da mai. Har ƙafar Inna, matarsa, a gaban 'ya'yanta. Har ta surukarsa. Da fari Kaka ta ƙi, ta ce ita ba za ta ga wannan abin kunya ba, ta shige ɗaki. Ya zauna a ƙofar ɗakin da ƙwaryarsa har ruwan ya huce, ya sa aka sake ɗumawa. A rana ta uku ta miƙo ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin asabari, fuskarta a ciki. Daga baya ita ce mai fara zuwa.

"Hamidu, mijina," takan ce mini, "dubi yadda ake riƙon mace. Kai ko ɗan goro ba ka taɓa kawo mini ba. Sakina za ka yi ko in kai ƙara?"

Muna dariya, Baba bai ɗaga kai daga aikinsa ba. Ina yaro ban ga aibin abin ba. Sai da na fara zama a rumfar goro a kasuwa, na yi abokai cikin samarin Fulanin gari, waɗanda a gidajensu uba ko haɗa ido ba ya yi da ɗansa na fari. Katangar gidanmu ta zana ce, abin da ake yi ciki ba ya ɓoyuwa. Akwai wani Buba, ɗan maƙwabcinmu, bakinsa kamar aska. Ran wata kasuwa ya tsaya a gaban rumfata cikin mutane, ya leƙa ƙafafuna, ya gaishe ni da Fulatanci.

"Jam na, Hamidu? Mu ga ƙafar. Kai, tana sheƙi! Baba ya gama da ta mata ya zo kan taka? Ku Hausawa dai akwai ku. Nasara ya koya masa wanke ƙafa, ya zo gida bai sami Nasara ba, sai ya kama ta tsohuwa."

Aka yi ta dariya har da masu sayen goro. Na koma gida, na tarar an shimfiɗa buzu, Asabe na zaune tana jiran layi. Baba ya dube ni ya ce, "Kai, zo." Abin da na faɗa zan rubuta shi yadda na faɗe shi, don in na rage na ƙara wata ƙaryar. Na ce masa Jamus sun mai da shi bawa, ya dawo bai iya komai ba sai bauta, har ya zama bawan mata. Na ce ya zubar mana da mutunci a gari. Na sa ƙafa na shure ƙwaryar, ruwan ya jiƙa masa wando. Sannan na ɗaga yatsa na ce wallahi tallahi hannunsa ba zai ƙara taɓa ƙafata ba har abada. Inna ta yi salati. Shi kuwa ya ɗauki ƙwaryar ya juya ta ya ga ba ta fashe ba.

"Ka rantse?" ya ce.

"Na rantse."

"To. Uwar Asabe, a ƙara ɗuma ruwa. Asabe, kawo taki."

Da ya mare ni da na ji daɗi. Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma fasa ko rana ɗaya ba.

A shekarar ne yaƙin Turawa ya iso mu. Jamusawa suka haƙa ramuka a kan tuddan gari, aka ce Ingilishi na tahowa ta kogi da igwa, Faransa ta arewa. Wani saje, tsohon abokin Baba, ya zo kiran tsofaffin soja su koma bariki. Baba ya nuna masa ƙugunsa, sannan ya nuna mu da haɓa ya ce ga tasa rundunar nan, ba ta da wani shugaba in ya tafi. Sajen ya sha ruwa, ya ce shi bai tarar da kowa a gidan nan ba, ya fita. Washegari Baba ya ce za mu bi wani ayari zuwa Poli, inda kawuna, wan Inna, ke zaune. Kwana biyar kafin tashi ya sa kowa ya riƙa zagaya gari da sassafe da tsohon takalminsa na fade, ya shafe fatar da mai har ta yi laushi. Ni kuwa na riga na musanya goro da takalmi sau-ciki a hannun wani soja, sabo fil, mai ƙusa a ƙasa. Na yi niyyar in shiga Poli da shi a san ɗan Garwa ya zo. Baba ya dube shi sau ɗaya.

"Ba a tafiya da sabon takalmi," ya ce.

"Ƙafata ce," na ce.

Kaka ta ce, "Ikon Allah. Ya zagi sojan Jamus, ya sa takalmin Jamus. Mijin nan nawa kansa ɗaya kuwa?"

Muka ƙetare Binuwai a kwalekwale. Jakinmu ɗaya ne, Kaka a kai da buhun gero. Bazara ce, ƙasa na ƙuna. Baba shi ne na ƙarshe a layi, ko da yaushe, ba ya yarda wani nasa ya kasance bayansa. Kafin azahar ta ranar farko dunduniyata ta hagu ta yi bororo. Ranar biyu ya fashe. Ranar uku muka ratsa wani rafi, takalmin ya sha ruwa ya bushe a ƙafata, ya matse kamar an ɗaure da tsirkiya. Da na je bayan itace zan yi alwala na ja, ya ƙi fita, sai na yi taimama a ɓoye. A kowane zango, tun rana ba ta faɗi ba, Baba na nan da ƙwaryarsa. Mutanen ayari suka fara da kallo da murmushi, kafin kwana biyu suna bin layi, har madugu. In ya gama da kowa sai ya zuba sabon ruwa, ya kawo ya ajiye kusa da ni da kaskon mai, ya juya baya ya tafi. Bai taɓa ni ba. Ni kuwa sai in jira ya yi nisa in tuntsurar. Sau ɗaya kawai ya yi magana, muna tafiya, daga bayana.

"Kai, sawunka na hagu ya gajarta."

"Ba komai."

"Ƙasa ba ta ƙarya," ya ce.

Ranar huɗu kaluluwa ta fito mini a cinya, zazzaɓi ya rufe ni, ƙafar ta kumbura har ta haura bakin takalmin. Da hantsi na ga hanya ta rabu biyu a idona, na faɗi. Da na farfaɗo ina kwance a inuwar wata tsamiya, wari na tashi daga ƙafata, madugu na tsaye yana magana da Baba a hankali, yana zaton ba na ji. Ya ce ayari ba zai tsaya ba, ba a san abin da ke biye da mu ba. Ya ce akwai ƙauye a gindin dutsen can, a bar ni a hannunsu da ɗan gero, in kwana ya ƙare ya ƙare, in da saura a dawo a ɗauke ni. Ya ce irin wannan ƙafar ya sha gani, ba ta kai mutum ko'ina. Ba mugun mutum ba ne, gaskiyar hanya ya faɗa. A nan na ji Baba ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji a bakinsa.

"Madugu, na taɓa barin mutum. Ƙanena Ɗanladi, tare muka shiga soja. Ƙaya ce ta soke shi, ƙaya ɗaya, ya ɓoye don kada a ce rago ne. Ina gabansa kwana shida ban waiwaya na dubi sawunsa ba. Da ya kasa tashi, Bature ya ce a jingine shi a gindin itace a ba shi gora. Ni na jingine shi. Ni na ba shi gorar. Ya ce, yaya, za ku dawo? Na ce za mu dawo. Ba mu bi ta hanyar ba kuma. Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Nawa ba a barinsu."

Ko Inna ba ta taɓa jin wannan ba. Na gani a fuskarta.

Ayari ya wuce, muka rage mu biyar da jaki. Baba ya hura wuta, ya tafasa ruwa da gishiri, ya aiki Asabe ta tsinto bagaruwa ta daka a kan dutse. Ya buɗe ƙunshinsa ya fito da rigar kakin nan da ko Inna ba ta wanke ta sai da izininsa, ya sa haƙori ya yage ta tsawo-tsawo, ya jefa cikin ruwan zafi. Ya gasa wuƙarsa. Sannan ya durƙusa a gabana, hannayensa a sama, bai sauke su ba tukuna. Inna ta ce masa ya bari ita ta yi, tunda yaron ya rantse. Ya ce hannunta zai yi rawa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ko a wannan hali na ja ƙafar baya na ce na rantse.

"Na sani," ya ce. "Rantsuwar na ɗauka. Hamidu, ciji wannan."

Ya sa mini sanda a baki. Ban ji zafin wuƙar farko ba, don sunana da na ji a bakinsa ya fi ta shiga. Ya tsaga takalmin tun daga sama har ƙasa kamar mai feɗe akuya, ya ɓare shi daga naman. Ya tsaga kumburin, ya matse mugunya, ya yanke abin da ya mutu har jini mai kyau ya fito, ya wanke, ya barbaɗa bagaruwa, ya naɗe da kaki. Ina ihu cikin sanda, Kaka ta danne mini kafaɗa tana cewa in yi shiru kada kishiyoyinta su ji mijinta rago ne, hawaye na zuba mata. Hannunsa kuwa ko motsin banza bai yi ba.

Kaka ta ce ita za ta taka, a ɗora ni a jaki. Baba ya ce in ta taka rabin yini sai ya sami marasa lafiya biyu. Washegari da asuba ya karɓi zanen Inna, ya tsuguna, aka jingina ni a bayansa, ya ɗaure ni kamar jariri, ƙafar a rataye a gaba don kada ta bugi ƙasa. Ni saurayi ne gemu ya fara tsiro mini, na kusa kai shi tsawo. Ya miƙe. Na ji wani abu ya yi ƙara a ƙugunsa, ya tsaya ya ja numfashi, sannan ya ce mu tafi. Kwana uku ya yi da ni a baya. Hanyar Poli hawa ce da gangara da tsakuwa. Kunnena na manne da bayansa, ina jin numfashinsa kamar zugazugin maƙera, ina jin yana ƙirga taku a ƙasa-ƙasa da bakin Jamus, in ya kai wani adadi ya koma farko. Yakan sauke ni ya wanke mikin ya sake naɗewa, ya duba ƙafar Inna da ta Asabe, ya sake tsugunawa. Har yau in na tuna ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na ga 'yan dako, na ga 'yan kokawa, ban ga mai kama da shi ba.

Na lura in an tsaya shan ruwa yakan zagaya da gora ya ba kowa, shi ba ya kai ta baki. Na ɗauka tattalin ruwa yake yi. A rana ta uku muka tsaya a bakin rafi mai gudu, ruwa har gwiwa, nan ma bai sha ba, leɓensa duk ya tsage. Da ya je ɗaure jaki na tambayi Inna. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ban so ba.

"Azumi yake yi," ta ce. "Kaffarar rantsuwarka. Na ce masa matafiyi ne shi, Allah ya sauƙaƙa masa, ya bari sai mun isa. Ya ce in ka mutu a hanya fa? Ba ya so ka je da ita a wuya."

Da muka isa Poli ya sauke ni a ƙofar gidan kawu, ya zauna a dakali, ya jira aka kira magariba ya sha ruwa. Daga wannan zaman bai ƙara tashi ba sai da sanda, kuma bai ƙara riƙe fartanya ba. Bayan kwanaki liman ya zo gaishe shi, ya ji labari, ya ce ai kaffara a kan wanda ya rantse take, wani ba ya ɗaukar wa wani. Baba ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce to nasa ya zama nafila ke nan, ba a yi asara ba. Na yi nawa azumin ukun a inuwa, a kwance, kunu na jirana. Ban taɓa jin abinci ya yi mini ɗaci kamar na buɗa-bakin nan ba.

Za ku ce a ranar na nemi gafara. Ban nema ba. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, don na farko cikin fushi na yi shi. Ƙafata ta warke, damina ta sauka, labari ya zo cewa Jamus sun fita daga Garwa. Na kama gonar da kawu ya ba mu, na yi noma kamar zan mutu, na yi itace, na ɗebo ruwa, na sassaƙa masa sanda mai kyau. Duk abin da hannu ke yi na yi, baki ya ƙi. In la'asar ta yi yana nan a kan buzu, sai dai yanzu a jingine, in zo in miƙa ƙafa in kau da kai, ya wanke ya shafa mai. Kaka ce ta tare ni wata rana na sauke damin itace.

"Sannu da aiki, mijina. Ka tara itace ya kai rufin ɗaki. Ka taɓa jin itace ya ce yi haƙuri?"

Na yi kamar ban ji ba. Sai da aka yi girbi. Ran nan ya gama da kowa, Asabe ta tashi, ya jawo ƙwaryar zai zubar da ruwan kamar kullum. Sai na ga abin da na yi shekara shida ina kallo ban gani ba: kowa a gidan ana duba ƙafarsa, ban da mutum ɗaya. Na tashi na karɓi ƙwaryar daga hannunsa, na je na zubo sabon ruwan ɗumi, na sa gishiri, na durƙusa. Ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin riga.

"Kai, mene ne haka? Tashi, mutane na gani."

"Su gani," na ce.

Na jawo ta dama na sa a ruwa. Yatsu biyu babu, tsohon yanka ne, tun na soja. Tafin duk tabo ne a kan tabo, wasu farare na da, wasu jajaye sababbi, na tsakuwar hanyar Poli, don ashe fadensa ya tsinke tun rana ta farko da ya goya ni, ya ƙarasa ba takalmi. A dunduniya akwai faso mai zurfi da ɗan yatsana zai shiga, da wata ƙaya da ta karye a ciki nama ya rufe ta. Da waɗannan ya ɗauke ni. Na ɗauki allurar, idona ya cika ban ga bakin ƙayar ba. Inna ta fito daga madafa ta tsaya da muciya a hannu.

"Ba haka ake riƙe ta ba," ya ce a hankali. "Kwantar da ita. Bi ta gefe, Hamidu."

Na bi ta gefe, ƙayar ta fito. Na riƙe ƙafar da hannu biyu, na sunkuyar da kai har goshina ya taɓa ta, na ce:

"Baba, na kira ka bawa a gaban iyalinka, na shure maka ruwa, na rantse a kan hannun da ya cece ni. Ni na karya ka, ba yaƙi ba. Na yi kuskure. Don Allah ka yafe mini."